Wayar Kuloci a Motar da Aka Ƙera a Gida

Tudun Wada unguwa ce a cikin Gusau, babban birnin Jihar Zamfara tun 1996. Hanyar mota wadda ta taso daga Zariya ta biyo ta Funtuwa da Tsafe ta ratsa garin, sa'an nan ta wuce Bunguɗu ta nufi Sakkwato. Saboda haka mota ba baƙuwa ba ce ga yaran wurin. Tun suna ƙanana su kan ƙera tasu da karan dawa da ƙaya, ko da langalanga da gwangwanin madara, su yanko tayoyi daga tsohon silifa, su ɗaura zare suna ja. Motar kara ba ta da inji, don haka ba ruwanta da kuloci. In mai ita ya tsaya, ta tsaya.

Amma akwai waɗanda wasan nan ba ya sakinsu ko sun girma. A garuruwan Arewa an sha ganin samari sun haɗa mota ta gaske da hannunsu, mai inji, mai shan fetur, wadda mutum zai shiga ya zauna ta tafi da shi. Har jirgin sama an taɓa haɗawa. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya kai ƙasashe masu nisa.

To, a ce wani saurayi a Tudun Wada ya ƙera mota irin wannan. Ya sayi bututun ƙarfe, mai walda ya haɗa masa ƙashin motar. Ya samo injin babur ko na Keke Napep ya ɗaura a baya, ya lanƙwasa kwano ya yi bodi, ya shafa fenti. Ranar da ya fito da ita, yara su ka bi shi da gudu, manya su ka tsaya suna sa albarka. Kowa fenti da fitila ya ke kallo. Ba mai sunkuyawa ya dubi wata 'yar baƙar waya, wadda kaurinta bai kai na ɗan yatsa ba, da ta taso daga ƙarƙashin ƙafar direba ta bi cikin motar har zuwa inji. Ita ce wayar kuloci. Kuɗinta kaɗan ne, amma ranar da ta tsinke, injin da ya ci dubbai ba ya da sauran amfani sai an gyara ta.

Inji, in an tashe shi, ba ya daina juyawa sai an kashe shi. Tayoyi kuwa, wani lokaci ana so su juya, wani lokaci ana so su tsaya, kamar in an zo mararraba ko garken shanu na ƙetare hanya. Lalle ke nan a sami wani abu a tsakani wanda zai haɗa inji da tayoyi in ana so, ya raba su in ana so. Wannan abu shi ne kuloci, yana zaune tsakanin inji da akwatin giya.

Mai son ya gane shi sai ya ɗauki faifai biyu irin na rufe ƙwarya, ya haɗa su fuska da fuska, ya matse su. In ya juya ɗaya, ɗayan ma sai ya juya, gama sun kama juna. In ya ɗan sassauta matsin, na farko zai yi ta juyawa, na biyu kuwa ya tsaya cik. Haka kuloci ya ke, sai dai nasa faya-fayan na ƙarfe ne da wani abu mai kaushi mai jure zafi. A mota faifan tsakiya guda ne babba. A babur ƙanana ne da yawa, an jera su suna wanka cikin baƙin mai. Abin da ke matse su kuwa sifirin ne masu ƙarfi ƙwarai, kullum a matse su ke. Watau kuloci, in an ƙyale shi, a haɗe ya ke. Aikin direba shi ne rabawa. Sa'ad da ya taka kuloci, wayar ta ja wani ɗan hannun ƙarfe a jikin inji, hannun ya danne sifirin, faya-fayan su saki juna. A wannan ɗan lokaci ne a ke sa giya ko a canja ta.

Ita wayar kanta abu biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, kamar zariya cikin ƙubakar wando. Ta ciki siraran wayoyin ƙarfe ne da yawa a ka tufka su kamar igiyar rama, don ta yi ƙarfi kuma ta yi laushin lanƙwasawa. A kowane ƙarshe nata an manna wani ɗan dunƙulen ƙarfe, ko zobe, ko sanda mai zaren noti, wanda a ke maƙalawa. Shi a ke kira kan waya. Ta waje kuwa kube ne. An naɗe ƙarfe zagaye-zagaye kamar sifirin, sa'an nan a ka lulluɓe shi da roba don kada ruwa da ƙura su shiga.

Mutane da yawa suna tsammani kuben nan sutura ce kawai. Ba haka ba ne, shi ke yin rabin aikin. In an shimfiɗa igiya a ƙasa a karkace a ka ja bakinta, ba za ta ja abin da ke ɗaya bakin ba sai ta miƙe tukuna. Wayar kuloci kuwa ba ta da damar miƙewa, tilas ta zagaye kujera, ta kauce wa tankin mai, ta bi bayan inji. Kuben shi ke riƙe da wannan karkata. Yana lanƙwasuwa, amma ba ya takuruwa. An tokare bakinsa biyu a jikin mota, ɗaya kusa da ƙafar direba, ɗaya kusa da inji. Saboda haka in an ja ta ciki inci guda a nan, sai ta motsa inci guda a can, ko da kwana nawa ta sha a hanya.

Wannan dabara ta fi motar kowa a Gusau tsufa. Wani Bature mai suna Ernest Monnington Bowden shi ya yi rajistarta a Ingila a 1896, kuma a birkin keke ta fara yin suna. Har yau a ƙasashe da yawa da sunansa a ke kiran irin wannan waya. Wasu su kan rikita shi da Frank Bowden, mai kamfanin keken nan Raleigh wanda Hausawa su ka sani da Rali, amma mutum biyu ne dabam. Motocin zamani da yawa sun bar waya, wasu da mai a cikin bututu su ke tura kuloci, wasu kuma su ke canja giya da kansu. Amma babur da Keke Napep da tsofaffin ƙananan motoci suna nan da wayarsu, kuma daga gare su mai ƙera mota a gida ya ke samun kaya.

A nan ne wahalarsa ta ke. In wayar babur ta tsinke, mai shi ya je shagon kayan gyara ya faɗi sunan babur ɗinsa, a miƙo masa sabuwa daidai wa daida, gama kamfani ya riga ya auna kome. Motar gida kuwa ita kaɗai ce irinta a duniya. Ba ta da suna a littafin kowane kamfani. Injinta an yi shi ne don babur, inda tsakanin hannun mahayi da inji bai fi kamu biyu ko uku ba, ga shi yanzu an kai shi bayan kujera. Wayar da za ta isa can sai dai a haɗa ta, kuma wanda ya haɗa ta shi ne kamfanin, shi ne mai awo, shi ne mai laifi in ta tsinke.

Waya ba ta tsinkewa haka kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi yawan tsinkewa a baki ta ke faruwa, dab da kan waya. Kowane yaro ya san yadda a ke karya waya in babu filaya: a lanƙwasa ta nan, a lanƙwasa ta can, a yi ta maimaitawa, sai wurin ya yi zafi ya karye. To, kan waya an yi shi ne don ya riƙa juyawa cikin raminsa duk sa'ad da a ka taka kuloci. In ramin ya bushe, ko ya yi tsatsa, kan ya ƙi juyawa, sai wayar ce ke lanƙwasuwa a madadinsa. Direban cikin gari ya kan taka kuloci sau ɗaruruwa a yini. Yau siririya ɗaya ta karye, jibi biyu, har a wayi gari uku ko huɗu kaɗai ke ɗauke da nauyin da dukansu su ka saba ɗauka. Ɗigon giris guda a ramin nan da ya hana wannan duka.

Ƙura da ruwa su ma suna da nasu rabo. Da hunturu ƙura ta shiga bakin kube ta gauraya da mai, ta zama kamar yashi tana cin ƙarfe. Da damina ruwa ya shiga ta inda robar ta tsage, ya kwanta a wurin da wayar ta fi yin ƙasa, tsatsa ta kama. In kuma an bi da wayar kusa da salansa, zafi ya narka robar, ya ƙone man da ke ciki.

Waɗannan suna samun kowace mota. Akwai kuma wasu cututtuka da motar gida ta fi kowa fama da su. Na farko, ɗan ƙarfen da a ka yi wa walda don ya tokare bakin kube, in bai fuskanci hannun kuloci sak ba, wayar za ta fito a karkace tana gogar bakin kuben, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Wanda ya ga yadda igiya ke yi wa itacen bakin rijiya rami ya san ƙarshen wannan, sai dai a nan igiyar ce ke cinyewa.

Sa'an nan akwai zancen ƙafa. Wayar babur siririya ce, kaurin ta ciki kamar milimita 2, an yi ta don yatsu huɗu na hannun hagu. Mai ƙera mota kuwa ya fi son abin takawa, don motarsa ta yi kama da ta kamfani. Ƙafar mutum ta fi yatsunsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Hannun kulocin babur ɗan motsi kaɗan ya ke yi ya kai iyakarsa. In ya kai iyaka, ƙafa kuwa tana ci gaba da dannawa, duk sauran ƙarfin a kan wayar ya ke sauka. Maganin wannan mai sauƙi ne, amma ba kowa ke tunawa da shi ba: a sa wani ɗan ƙarfe ko noti a ƙarƙashin abin takawa, wanda zai tare shi daidai inda kuloci ya gama buɗewa. Mai motar da ke tsinka waya kowane wata, yana zagin masu sayar da kaya cewa jabu su ke ba shi, ya kamata ya fara duba ƙarƙashin ƙafarsa.

Akwai wata cuta mai ban mamaki, wadda ko makanikai ta kan ruɗe su. Motar da a ke tashe ta da batir tana bukatar wata kakkaurar waya ta lantarki tsakanin inji da ƙashin mota, don wutar da ta je ta juya inji ta sami hanyar komawa batir. In mai ƙera mota ya manta da ita, ko ta kwance, alhali injin yana zaune kan roba, wutar sai ta nemi wata hanya. Wani lokaci ba ta samun kowace sai wayar kuloci. Sai wayar ta yi zafi duk sa'ad da a ka murɗa makulli, ƙarfenta ya mutu, ta tsinke ba da daɗewa ba. In an zaro waya a ka ga ta yi shuɗi-shuɗi, robarta ta narke ba kusa da salansa ba, to, wuta ce ta ci ta.

Waya ta kan yi gargaɗi kafin ta tafi. Kuloci ya yi tauri, ko a ji kamar tsakuwa a ciki in an taka. Giya ta fara ƙara in za ta shiga. Abin takawa ya riƙa yin nisa kafin ya kama aiki, yau an ɗaure, gobe ya sake sakwarkwacewa. In an leƙa baki a ka ga siraran wayoyi sun miƙe kamar gashin bushiya, magana ta ƙare, ranar nan za a canja ta, ba gobe ba.

Ga wanda bai ji gargaɗi ba, abin ya kan zo farat ɗaya. A ji ɗan ƙara, tas, abin takawa ya faɗi ƙasa ba nauyi. Motar ba za ta tsaya ba, gama an riga an faɗi cewa kuloci in an ƙyale shi a haɗe ya ke. Za ta ci gaba da tafiya cikin giyar da ta ke. Hatsarin yana wajen tsayawa. Direba mai hankali ba ya firgita. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya turo giya zuwa firi a hankali, ya taka birki, ya gangara gefen hanya. In giyar ta ƙi fita, ya taka birki har inji ya mutu da kansa. Ya sa dutse gaba da bayan taya, ya karyo ganye ya jera a kan hanya nesa kaɗan, don masu zuwa su sani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a hanyar Tsafe ko ta Bunguɗu, inda manyan motoci ke wucewa da gudu, kuma a shekarun da a ka yi fama da 'yan bindiga ba wanda ke so magariba ta same shi tsaye a daji.

Ƙwararrun direbobi sun iya tafiya da mota ba kuloci, su tashe ta tana cikin giya ta ɗaya, su canja giya ta wurin sauraron kukan inji. Dabara ce ta fita daga mugun wuri zuwa gari mafi kusa, tana kuwa cin haƙoran giya. Ba a shiga kasuwa da ita.

Kafin a zargi waya, a duba tukuna. Wani lokaci lafiyarta lau, ɗan ƙarfen da ya maƙale ta ne ya zame ya faɗi, ko waldar da ta tokare kube ta ɓalle. A kama bakin ta ciki da filaya a ja. In ta biyo hannu ta zaro, ta tsinke.

In a baki ta tsinke, akwai gyaran wucin gadi. Masu gyaran babur suna da wani ɗan guntun ƙarfe mai huda, da ɗan noti a gefe. A zura wayar cikin hudar, a ɗaure notin ya cije ta, ya zama sabon kai. Da ya ke wayar ta ragu, sai a sassauta notin awo don a sami abin da zai kai. In bai kai ba, a rage tsawon kuben kaɗan, gama duk abin da a ka yanke daga kube, ta ciki ce ta ƙaru da shi. Wannan gyara zai kai mutum gida. Wanda ya bar shi ya zama na dindindin zai sake tsayawa a hanya.

Abu biyu ne ba a yi. Ba a ƙulla wayar ƙarfe kamar igiya, ƙullin ba zai shige cikin kube ba, kuma a wurinsa za ta sake karyewa. Ba a kuma kai ta wurin mai walda ya haɗa, ko da ya ke shi ne abin da zuciya ke fara rayawa a unguwar da walda ke ko'ina. Wutar walda tana kashe ƙarfin siraran wayoyin nan, sai su karye dab da inda a ka haɗa.

Gyara na gaskiya shi ne sabuwar waya, kuma aikinta da awo ya ke farawa. Awo biyu ne: tsawon kube, da tsawon abin da ta ciki ta fi kube. Na biyun ya fi muhimmanci, shi ne kuma a ke yawan mantawa. In tsohuwar wayar tana aiki daidai kafin ta tsinke, a shimfiɗa ta a ƙasa, a haɗa guntayenta, a auna. In kuwa hanyarta ce ta kashe ta, a nemi sabuwar hanya. A ɗauki tiyo siriri a bi da shi daga ƙafar direba zuwa inji, nesa da salansa, nesa da sarƙa da duk abin da ke juyawa, kowace kwana mai faɗi kamar bakin ƙwarya, ba mai tsini kamar gwiwar hannu ba. Sa'an nan a auna tiyon. Da wannan awo a ke zuwa kasuwa a nemi wayar da ta fi tsawo kaɗan, ta Keke Napep ko ta wata mota, gama doguwa ana rage ta, gajeruwa kuwa ba yadda za a yi da ita.

Kada a ja kuben ya miƙe kamar tsarkiyar baka. Inji yana girgiza, yana ɗan tsalle a mazauninsa duk sa'ad da mota ta tashi. In kuben a miƙe ya ke, kowane motsi na inji sai ya ja kuloci, motar ta riƙa fizga. Kamfanin Volkswagen ya san wannan sarai. Motarsu ɗin nan mai doro, Bitil, wadda a ka fara haɗawa a Ikko a 1975, injinta a baya ya ke kamar na motar saurayin Tudun Wada, wayar kulocinta ta fi mita 2 tsawo. Ta bi cikin bututu a tsakiyar motar, a ƙarshe ta shiga wani guntun kube wanda da gangan a ka sa ya yi ciki ya sunkuya milimita 25 zuwa 45. In sunkuyon nan ya ragu, motar ta kama kakkarwa wajen tashi.

Yankan waya yana da ladabinsa. A naɗe wurin da siririn ƙarfe ko salatif tukuna, in ba haka ba tufkar ta warware. A ɗora kan uwar maƙera, a sare da kurfi mai kaifi bugu ɗaya. Kube kuwa da zarto a ke yanka shi, a goge bakin da magagari har ya yi sumul, a sa masa hularsa ta ƙarfe. A zura ta ciki cikin kube kafin a sa kai na biyu. Wanda ya manta da wannan, sai ya sake aiki.

Sa kai shi ne gwanintar duka. Dunƙulen yana da huda, bakinta ɗaya ya fi faɗi kamar mazurari. A zura waya ta ɓullo ta faffaɗan bakin, a baza siraran wayoyin kamar bakin tsintsiya su cika ramin, a wanke maiƙo sarai, sa'an nan a narka dalma ta bi tsakaninsu ta daskare. Ba dalmar ce ke riƙewa ba, gama dalma laushi gare ta. Bazuwar nan ce ta zama toshi wanda ba zai iya komawa ta ƙaramar huda ba, dalma tana hana shi tsukewa ne kawai. Wannan aikin manya ne, a fili a ke yinsa inda iska ke kaɗawa, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Mutanen Zamfara ba su bukatar a gaya musu dalma guba ce. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ba ya wasa da ita, ba ya kuma sa ta a baki.

Kafin a ɗaura, a ba waya mai. A ɗaure 'yar leda a bakin kube ta zama mazurari, a zuba baƙin mai kaɗan, a rataye a reshen itace har ya ɗigo ta ƙasa. Amma wasu wayoyin zamani an shimfiɗa musu farar roba mai santsi a ciki, waɗannan ba su son baƙin mai, a bar su yadda su ke. In wayar za ta bi cikin bututu ko wani lungu da hannu ba ya kaiwa, makaniki mai wayo ya kan ɗaura zare a bakin tsohuwar kafin ya zare ta, zaren ya zauna a hanya, da shi za a jawo sabuwar. A maƙala bakin ƙafa, a maƙala bakin inji, a shafa giris a ramukan biyu, a ɗaure kuben a jikin mota sako-sako.

Saura awo na ƙarshe, wanda a ke yi da noti mai zare a bakin kube ko bakin waya. A Bitil notin yana da fukafukai biyu, da yatsu a ke murɗa shi. Abin da a ke nema shi ne ɗan wasa: abin takawa ya yi tafiyar banza milimita 10 zuwa 20, kamar faɗin yatsa guda, kafin a ji nauyin sifirin. Sabon ɗan koyo ya kan ga wasan nan kamar aibu ne, ya ɗaure tam. In an yi haka, wayar tana jan kuloci dare da rana, faya-fayan ba su kama juna sosai, suna zamewa. Inji ya yi ta kuka mota ba ta gudu, a hawa a ji ƙauri, cikin 'yan makonni faifan da ya fi wayar tsada sau da yawa ya ƙone. In kuma wasan ya yi yawa, kuloci ba ya gama buɗewa, giya ta yi ta gurnani, mota tana rarrafe ko an taka.

Mutum biyu ke wannan awo, inji a kashe. Yaron gareji ya zauna a kujera, maigidansa yana durƙushe wajen inji.

"Kai yaro, taka. Saki. Sake takawa, a hankali."

"Maigida, ya kai ƙasa."

Shi kuwa yana kallon hannun kuloci, ko ya kai iyakarsa, ko wayar tana fita sak ba ta gogar kome, ko abin tarewar nan na ƙarƙashin ƙafa ya tare a kan kari. In ya gamsu, ya ɗaure noti na biyu a bayan na farko don kada girgiza ta kwance shi. Sa'an nan a tashi inji, a gwada kowace giya a fili inda ba yara. Bayan kwana uku ko huɗu a sake duba wasan, gama sabuwar tufka ta kan ɗan saki in ta fara aiki.

Masu doguwar tafiya a kan babur suna da wata dabara wadda ta dace da motar gida ƙwarai. Ranar da a ke haɗa waya, a haɗa biyu da awo ɗaya. Ta biyun a bi da ita gefen ta farko tun daga ƙafa har inji, a ɗaure su tare, a toshe bakunanta da giris da leda don ƙura. In ta farko ta tsinke a hanya, ba a bukatar zare ko kurfi ko dalma. Sifana guda da filaya sun isa, a cire baki biyu, a maƙala baki biyu, a auna faɗin yatsa a ƙarƙashin ƙafa, a kwashe ganyen da a ka jera a kan hanya.